Jan Wuta a Bayan Akwati

Ƙarfe huɗu rana ta naɗe tabarmarta a Coventry.
Disamba ba ta barin mutum ya gama la'asar da haske.
Ni kuwa ba na tashi aiki sai dare ya tsala:
daga sito a Rugby, in kamo hanyar gida,
ruwa kamar an tsaga salka,
ni da babur da baƙin akwati a bayana.

Daren Talata wata tirela ta mare ni da iskarta.
Direban ya tsaya can gaba, ya sauko hannunsa na rawa,
yana cewa, "Ban gan ka ba, aboki, ban gan ka ba."
Ban yi faɗa ba.
Na zagaya bayan babur na duba da idonsa:
akwatin da na ɗaura ya danne rabin fitilar baya,
abin da ya rage bai fi garwashin taba ba
a cikin wannan feshi.
Na isa gida ban ce wa Laraba komai ba.
Ta gane daga yadda cokali ke buga kofi a hannuna.

Asabar na baje kaya a bakin gareji:
zirin fitilu ja, tsawonsa kamu biyu,
waya baƙa, waya ja, salatif,
da fis ƙarami kamar ƙwayar wake.
Ummita ce mai riƙe tocila, shekararta tara,
hasken na yawo daga hannuna zuwa bulo,
daga bulo zuwa kyanwar maƙwabta.
"Nan, Ummita. Nan inda yatsana yake."

Dattijo Clive ya leƙo ta saman shinge.
Shekara talatin yana haɗa wayar motoci
kafin a rufe masana'antarsu a sallame su.
Ya ce kada in murɗe waya da hannu in lulluɓe da salatif,
gishirin da ake watsa wa titi
zai cinye ta kafin watan Maris.
Ya shiga, ya fito da filaya
da bututun roba mai tsukewa in ya ji zafi.
"Ja a baya, ja kawai.
Shuɗi na 'yan sanda ne, fari kuwa ruɗa na bayanka zai yi."

Na huda akwatin ta ƙasa, inda ruwa ba ya kwana.
Jar waya ta bi sahun fitilar baya,
baƙa ta kama jikin ƙarfe.
Sanyi ya kashe mini yatsu,
sau biyu noti na kufcewa ya shige ƙarƙashin taya.

Na murɗa makulli. Shiru. Duhu.
Clive ya yi gyaran murya, ya nuna ƙirjina da haɓa.
Fis ɗin yana aljihun rigata.

Na sake murɗawa.
Ƙofar gareji ta rine,
fuskar Ummita ta rine, har haƙoranta,
kududdufin bakin titi ya zama ruwan zoɓo.

Laraba ta fito, mayafi bisa rigar sanyi,
ba ta kalle mu ba, ta miƙe layi,
ta wuce gidan Clive, ta wuce motar madara,
har wajen jan akwatin wasiƙa, inda mutum ke komawa inuwa.
Daga can ta ɗaga murya: "Taka birki."
Na taka.
"Sake."
Na sake.
Ta daɗe a tsaye, hannunta cikin hammata.
Da ta dawo, hancinta na zuba, ta ce,
"Ranar Talata me ya faru?"

Ɗani guda na zirin ya rage a ƙasa.
Ummita ta ɗauka ta tura a aljihu,
ta ce na kekenta ne, kuma ita za ta jona.